Kare yana bin ka, kyanwa kai ke bin ta

Yau da abin kunyar da na tafka zan fara.

Na ga bidiyon wata a TikTok tana yawo da kyanwarta da igiya, na ce bari in gwada da tamu. Na ɗaura mata igiya a wuya, muka fita ƙofar gida. Wallahi ko taku ɗaya ba ta yi ba, sai ta zube ƙasa kamar an zare mata laka. Can wani mai babur ya danna hon. Kafin in ankara ta ja da baya, ta zare kanta, ta haura katanga. Kwana biyu muna nema, ƙanwata tana ta kuka, kafin ta dawo.

To me ya jawo? Kare jikan kerkeci ne, tafiya cikin ayari a jininsa take. Ita kuwa kyanwa daga kyanwar dajin Afirka ta fito, mai farauta ita kaɗai, kuma hankalinta ba ya kwanciya sai a inda ta san ƙanshinsa. Waje baƙon wuri ne a gare ta. Shi ya sa take sanƙarewa ko ta nemi maɓoya.

In har za ka gwada, kada ka ɗaura a wuya. Nemi ɗamarar da ke zagaye ƙirji da kafaɗu, ka fara sa mata a ɗaki, minti kaɗan kullum, kana ba ta ɗan abin da take so. Ranar fita kuma ita ce jagora, kai dai ka riƙe igiya.

Shi kare matsalarsa ja. Ya fi mu sauri, kuma in ka ja shi baya, sai ya ƙara turjewa gaba. Dabarar ita ce, da ya ja, ka tsaya cak. Igiya ta saki, ku ci gaba. Ka bar shi ya yi shinshine, da hanci yake karanta unguwa. Kuma igiyar da aka ɗame tana ƙara masa haushi idan ya ga wani kare, don ba shi da hanyar ja da baya.

Na ƙarshe, a zafin Afrilu ɗora bayan hannunka kan kwalta. In ba ka iya jurewa, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Ku fita da sassafe ko da yamma.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.