Dokar da Ke Zuwa da Dare
Jawabin da aka gabatar a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, Zongon Lome

  

Shugabanni sun ce in yi magana kan gardamar da muka daɗe muna yi a rumfuna: dokokin gwamnati taimakonmu suke yi ko cutarmu? Wasunmu na cewa hukuma ta cire hannunta a kasuwa kowa ya huta. Wasu na cewa in babu doka, mai ƙarfi ne zai cinye mara ƙarfi. Abin da na gani a shekarun da na yi a kan hanya shi ne, dokar da ke karya ɗan kasuwa da manomi ita ce wadda ke zuwa da dare, ba sanarwa, ba wa'adi, ba a kuma tambayi waɗanda za ta faɗa wa ba.

Mu mutanen Zongo mun san nauyin umarni guda. Dattawanmu suna nan da suka ga 1977, lokacin da aka tashe mu daga tsakiyar birni aka kawo mu Togblekope. Mun kuma san amfanin doka. An kafa CEDEAO a Legas a 1975, da ƙoƙarin Janar Gowon da Janar Eyadema, kuma yarjejeniyar 1979 ce ta ba mu damar shiga Akara ko Kwatano ba biza. Wannan ma ai doka ce, da ita muka ci abinci shekara da shekaru.

Amma ku tuna Agustan 2019, da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Hujjarta ba ƙarya ba ce: shinkafar waje na sauka a Kwatano tana kwarara Najeriya ta ɓarauniyar hanya, manomin Kebbi da mai injin casa na Kano suna rasa kasuwa. Sun ɗan samu sa'ida, gaskiya ne. To amma wa ya biya? Motocin da ke da cikakkun takardu suka yi layi a Seme, tumatir da abarba na manoman Benin suka ruɓe, shinkafa ta yi tsada a hannun talakan Najeriya, 'yan fasa-ƙwauri kuwa suka koma daji da babura. Sai Disamban 2020 aka fara buɗewa. Wanda ya bi ƙa'ida shi ya yi asarar wata goma sha shida.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO ya rufe hanyar Malanville zuwa Gaya. Kaya suka juyo tashar jirgin ruwan Lome, suna bi ta Cinkasse, Kaya, Dori da Tera, da rakiyar sojoji. Mu faɗi gaskiya, wasunmu sun samu aiki a wannan sauyi. Sai dai duk kwanan da mota ta yi tana jiran rakiya, uwar gida a Yamai ce ke biyan kuɗinsa a kan kwanon shinkafa. Mai albasar Galmi kuma, da kayansa ba sa jure jira, yakan iso nan ya zubar da wani kaso kafin ya sayar da sauran.

A 2024 sai ga wani salo. Gana ta hana fitar da masara, shinkafa da waken soya a watan Agusta saboda fari a arewacinta. A Oktoba Nijar ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake, sai zuwa Mali da Burkina Faso. Ban ga laifin shugaban da ke tsoron yunwa a ƙasarsa ba. Amma a duba lissafin manomi. Ya ci bashin taki da iri tun farkon damina yana sa ran masu saye daga ƙasashe uku. Ranar da aka rufe ƙofa, masu saye sun ragu, farashi ya faɗi a hannunsa daidai lokacin kaka. Birni ya ci da araha bana, shi kuwa baɗi zai rage gona. Arahar bana ita ke haifar da tsadar baɗi.

Saboda haka ina ba da shawara ƙungiya ta kai wa hukumomi buƙatu uku a rubuce. Na ɗaya, a riƙa ba da sanarwa kafin doka ta fara aiki, motar da ta riga ta ɗauki kaya a bar ta ta isa. Na biyu, kowane hani ya zo da ranar ƙarewarsa, domin manomi ya san abin da zai shuka. Na uku, a zauna da ƙungiyoyin manoma, fatake da direbobi kafin a sa hannu, kuma a liƙa kuɗin da doka ta yanka a kowane shinge, a ba da rasit.

Mu ma akwai namu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya rage nauyin kaya a takardar duwan, ko ya ɗora wa mota fiye da ƙima, ko ya ɓoye buhuna lokacin tsada, shi ke ba hukuma hujjar matse mu gaba ɗaya. Ba za mu je gaban OTR da ƙorafi takardunmu na da gyara ba. Ina roƙon a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, duk direban da ya dawo ya faɗi shingaye nawa ya tarar, kwana nawa ya yi, nawa ya biya. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, mu je musu da lissafi a hannu.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka buɗe mana waɗannan hanyoyi. Allah ya tsare matafiyanmu, ya ba manoma damina mai albarka, ya ba shugabanni ikon sauraro.