Asabiyyar Ƙwallo



A shekarar 1988, a filin wasan Everton da ke Ingila, wasu ƴan kallo sun jefi John Barnes na Liverpool da ayaba, suna kwatanta shi da biri saboda baƙar fatarsa, shi kuwa ya sa dunduniya ya ture ta gefe. Haka nan a 2006, a Zaragoza, irin wannan izgili ya kusa fitar da Samuel Eto'o daga fili. Mukan la'anci wannan zalunci, alhali kuwa tushensa, wato asabiyya irin ta jahiliyya, yana nan a cikinmu, domin a watan Afrilun 2022 magoya bayan Kano Pillars sun farfasa motar Katsina United, ga su Hausawa, ƴan'uwan juna.

Saboda haka, ya ku samarinmu da kuke cika gidajen kallo bayan magariba, kuna jayayya a kan Madrid da Barcelona, ku sani haƙƙin maƙwabci amana ne da Allah zai tambaye ku. Ku yi adawa da ladabi, idan an tashi wasa ku gaisa.