Kada Bashi Ya Raba Mu



Bari mu faɗa wa juna gaskiya: gaba ta fi talauci saurin kashe ƙungiya. Wata ta kasa zubin adashi, wata ta karɓi rance ta yi shiru, sai magana ta bi kasuwa rumfa-rumfa. Kafin a ankara an daina gaisuwa, alhali ran Lahadi benci ɗaya muke zama.

Yesu ya nuna mana hanya a Matiyu sura 18. Da fari ki same ta ke kaɗai, ba gaban masu ciniki ba. In ta ƙi ji, ki koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai abin ya gagara ne ake kai shi gaban jama'a.

Yafewa ba barin kuɗin ba ne, don jarin gwauraye ne da kuɗin makarantar marayu. A yanka mata ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, a rufa mata asiri, a kuma rubuta a littafi. A ajin yaƙi da jahilci mun ga yadda rubutu ke kashe gardama.

To, kafin a raba shinkafar bikin nan, duk mai riƙe da wata a zuciya ta tashi ta gaishe ta. Ubangiji ya taimake mu. Amin.