Maganin da ya daina ci

 

Ya ku ƴan'uwa masu saurare, darasinmu na yau a kan wata musiba ne da ke yaɗuwa a ɗakunan jinya. Likitoci sun bayyana mana cewa akwai ƙwayoyin cuta da suka saba da magani har ya daina cinsu. A yi wa yaro allurar da a da take sauke zazzaɓi cikin kwana 2, a wayi gari jikinsa na nan kamar garwashi. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum fiye da miliyan 1 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina jin jiki.

Mutuwa da ajali take, amma sababi yana da masu shi. Mu ne ke sayen kafso a tiren ɗan talla wanda rana ta gasa, mu sha 2 mu ajiye saura. Likita ya rubuta kwana 7, mu tsaya a na 3 don mun ji sauƙi. Raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin sun tsira sun hayayyafa, su ne kuma muke ɗauka zuwa gadon asibiti, inda jariri da mai jego da wanda aka yi wa tiyata suke kwance.

Wani zai ce tawakkali. To, Sayyidina Umar ya fi mu tawakkali, amma da labarin annobar Sham ya riske shi a Sargu, juyawa ya yi da jama'arsa zuwa Madina.

Dubiya sunna ce, sai dai ba da gayya ba. Mutum 10 a gefen gado ɗaya, ana musabaha, ana shafa goshin majinyaci, ana wucewa gado na gaba, wannan raba cuta ne. Mu wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita, mu bar ƙananan yara a gida.

Sai tambayar da aka yawaita aiko mana. Wanda aka ɗora wa magani sau 3 a yini, kada ya tara shi tsakanin buɗa-baki da sahur da ra'ayin kansa. Ya tambayi likita ko akwai wanda ake sha sau 2. In babu, shari'a ta ba marar lafiya rangwame: ya sha azumi, ya cika maganinsa, ya rama bayan salla.