Makaɗi Shi Kaɗai: Yadda Ake Shiga Faya-fayan Ɗan Maraya Jos



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala ta sauraro da ke samun mutumin da ya tashi a gari irin Birnin Zazzau, inda kiɗa ya zama aikin ƙungiya, sa'ad da aka sa masa faifan makaɗin da ba shi da mabiya ko 'yan amshi. Makaɗin da za a kafa misali da shi shi ne Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos. Sau da yawa akan ji ɗalibi ya ce ya saurari waƙoƙinsa, ya ji hikima a cikin maganganun, amma kiɗan ya yi masa holoƙo, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk abin da ƙungiya ke yi yana nan cikin faifan, sai dai an raba aikin tsakanin murya ɗaya da tsirkiya ɗaya. Wanda ya gane yadda aka yi wannan rabo ya sami ƙofar shiga.

Kunnen Bazazzagi

Kunne ma tarbiyya yake samu, kamar harshe. Yaron da ya girma a Kwarbai ko Unguwar Juma ya saba jin kiɗan sara a ƙofar fada daren Juma'a, ya ji tambari da kakaki da algaita suna yi wa juna jawabi. Ranar Hawan Sallah da Hawan Daushe ya ga kowane hakimi da nasa makaɗa da maroƙa a bayansa. In biki ne, ya ga masu kalangu jere, sanƙira na ƙara wa magana gishiri. Hatta matan gida in suna daka, luguden ya fi daɗi da taɓarya biyu ko uku.

Masana sun daɗe da lura da wannan tsari a ƙasar Zazzau. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a nan cikin 1949 da 1950, ya buga maƙala a kan roƙo a 1957, ya nuna yadda kirari ke tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma. Bayansa David Ames ya zauna a Zariya a farkon shekarun 1960 yana ɗaukar makaɗa, har shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Wanda ya duba ayyukansu zai ga kiɗa a garin nan sana'a ce mai sarautu da gado da ubangida, kowa da wurin tsayawarsa.

To, a cikin ƙungiya irin ta Mamman Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo, mene ne aikin 'yan amshi? Da farko suna maimaita gindin waƙa, don kada mai sauraro ya ɓace. Sa'an nan suna ba jagora sararin numfasawa da shirya ɗan waƙar da zai kawo a gaba. Bugu da ƙari, su ne shaidu, domin in jagora ya ce wane jarumi ne, muryoyi da yawa sun tabbatar. Kunnen da ya saba da haka, da zarar jagora ya kai aya sai ya tsaya jiran amshi. Wannan jira shi ne tushen matsalar.

Makaɗin da abin kiɗansa

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, cikin 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yaron na jariri, ba a jima ba mahaifiyar ta bi shi. Sarkin ne ya riƙe shi, daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya samo asali. A wata tafiya da ya yi Maiduguri tun yana yaro ya ga masu kiɗan da suka burge shi, ya haɗa wa kansa kuntigi, bai rabu da shi ba har ya rasu a Jos ran 20 ga Yuni, 2015. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988.

Kuntigi kuwa ɗan ƙaramin abu ne: gwangwanin kifi a rufe da fata, da ɗan sanda, da tsirkiya guda. Ya fi gurmi da garaya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ana iya ɓoye shi a cikin babbar riga. Sautinsa siriri ne mai kaifi, ba ya jimawa a iska kamar na goge ko kukuma, saboda haka dole mai kaɗa shi ya yi ta maimaita bugu in yana son kada shiru ya shigo.

Misali daga ƙasashen Turai

Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Ingila da Amurka, masu son kiɗan da ake kira rok sukan shaƙu da ƙungiya, sa'an nan wani daga cikin 'yan ƙungiyar ya fito da faifai nasa na kansa, su rasa ta inda za su kama shi. A 1970, shekarar da ƙungiyar Beatles ta watse, Paul McCartney ya fitar da faifan da shi da kansa ya kaɗa duk kayan kiɗan da ke ciki, masu sharhi da yawa suka ce aikin bai nuna ba. A 1982 Bruce Springsteen, wanda aka saba ji da babbar ƙungiya, ya fitar da faifan Nebraska, wanda ya ɗauka a gida da ƙaramar na'urar kaset, galibi murya ce da jita. Yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukansa.

Amma akwai bambanci. Waɗannan mawaƙa sun fito ne daga ƙungiya, mai sauraro yana da tsohon faifai da zai auna sabon da shi. Ɗan Maraya bai bar wata ƙungiya ba, shi kaɗai ya zo tun farko. Ke nan a wajensa mai sauraro ne zai yi ƙaura, ya baro abin da kunnensa ya saba. Ga matakai huɗu da za su sauƙaƙa wannan ƙaura.

Mataki na farko: a bi tsirkiya

A karon farko, mai sauraro ya ƙyale kalmomin, ya bi kuntigin kawai. Zai lura cewa akwai ɗan zagayen sauti da ke komowa, kuma duk inda murya ta tsaya, a daidai gurbin da 'yan amshi za su shigo, tsirkiya ce ke ɗagowa ta cike wurin. Ita ke riƙe lokaci, ita ke ba makaɗin sararin numfashi. Gindin waƙar kuwa shi da kansa yake komawa ya maimaita. Watau ayyuka biyu daga cikin ayyukan 'yan amshi sun sami mai yi. Na ukun, wato shaida, shi ne ya rage, kuma ba a cike shi ba. In Ɗan Maraya ya faɗi magana, babu muryoyin da za su gaskata shi, sai mai sauraro ya auna ta da abin da ya sani na zaman duniya, ya yarda ko ya ƙi. A nan mai sauraro ya zama ɗan amshi ba tare da ya sani ba.

Mataki na biyu: a tambayi wa ake yi wa waƙar

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne Waƙar Karen Mota, wadda ita ce ta fara fitar da sunansa. Karen mota shi ne yaron direba, mai ɗora kaya da sauke su, mai sa wa taya waigi a kan tudu, mai kwana a ƙarƙashin mota. Duk wanda ya tsaya a tasha a Ƙofar Doka ko Sabon Gari ya ga irinsa, kuma ya san ba shi da doki ko riga da zai ba maroƙi. Me ya sa makaɗi zai ɓata basirarsa a kansa?

Amsar tana cikin tattalin arzikin sana'ar. Shugaban ƙungiya yana da bakuna da yawa da zai ciyar: masu kalangu, 'yan amshi, sanƙira, direba, da iyalan kowannensu. Wannan nauyi yana karkata waƙa wajen mai abin hannu, ko makaɗin yana so ko ba ya so. Wanda ƙungiyarsa duka ta shiga aljihun riga, nauyinsa kaɗan ne, yana da damar duban lebura da sauran masu ƙananan sana'o'i. Ba a ce Ɗan Maraya bai yabi manya ba. Ya yabe su, ya kuma yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Abin lura shi ne ya ɗauki kayan aikin fada, wato kirari da kambamawa, ya kai su tasha. Wanda ya san yadda ake yi wa hakimi kirari a Zazzau shi zai fi kowa jin nauyin wannan juyi.

Mataki na uku: a ƙirga muryoyi

Daga nan sai a shiga waƙoƙin zaman aure. Jawabin Aure tana lissafa illolin saki, tana jan hankalin miji da mata su sasanta. Auren Dole tana sukar aurar da yarinya ga wanda ba ta so. Gulma-Wuya kuwa labarin magulmaciya ce da ke haɗa baki da boka tana raba mata da mazansu, kuma a cikinta ne fasahar da ake magana a kai ta fi fitowa fili, domin makaɗin yana sauya murya ya zama wannan, ya koma ya zama waccan, kamar wasan kwaikwayo na gidan rediyo.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Tsohuwa mai tatsuniya ita ce Gizo, ita ce Ƙoƙi, ita ce Kura, ba ta bukatar kowa ya taya ta. Ashe ke nan gadon Ɗan Maraya ya haɗa gida biyu, na roƙo daga wajen mahaifinsa, da na tatsuniya daga tsakar gida. Ɗalibin da ya ɗauki takarda ya rubuta sunan kowane mai magana a gefen kowane layi zai ga faifan da ya zaci holoƙo ne cike yake da mutane.

Mataki na huɗu: waƙoƙin tunani

Sai a ƙarshe ya kamata a zo ga irin su Mai Akwai da Babu da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali. Waɗannan ba su da ubangida kuma ba su da labari mai jan hankali, tunani ne a kan arziki da talauci da halin mutum. Wanda ya fara da su yana iya ɗaukar su wa'azi ne kurum da aka raka da kiɗa. Wanda ya biyo ta matakai ukun farko zai ji cewa mai maganar ya riga ya zaga tasha da kasuwa da tsakar gida kafin ya yanke hukunci, kuma kaɗaicin muryar ya dace da batun, domin irin wannan tunani mutum shi kaɗai yake yin sa.

Faifai da abin da ke salwanta

Akwai dalilin da ya sa wannan salo ya karɓi na'ura. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kamar minti 3 a gefe guda, babban faifai kuwa kamar minti 20. Waƙar ƙungiya a fagen biki ba ta san wannan iyaka ba, tana tsawo gwargwadon yawan masu kari, in aka kai ta ɗakin ɗauka sai an datse ta. Waƙar Ɗan Maraya galibi batu ɗaya take ɗauka ta kai shi ƙarshe, kuma makirufo ɗaya ya ishe ta. Da gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da faya-fayan kamfanoni, da kaset daga baya, muryarsa ta shiga zaurukan Zazzau da shagunan teloli ba tare da ya taka ƙafa ba.

Yau waƙoƙin sun koma cikin waya da intanet. Samunsu ya yi sauƙi, amma sun zo a warwatse, sau da yawa babu shekara, babu sunan kamfani, wani lokaci ma da sunan da mai turawa ya ga dama ya laƙa. Ba a iya sanin wace ta riga wace, alhali tarihin makaɗi yana cikin jerin ayyukansa. Ga kuma wata asarar a ɗakin karatu. Tun bayan da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana cikin 1975, Habib Ahmed Daba kuma ya buga nazarinsa a kan Ɗan Maraya a 1981, ɗalibai da dama sun bi sahu. Sai dai al'adar da ta yi yawa ita ce a juye kalmomi a takarda, a nemo turke da tubali da salo, a bar tsirkiyar a waje. In an yi wa waƙar ƙungiya haka, aƙalla akan rubuta amshi. In aka yi wa Ɗan Maraya, an kori ɗan amshinsa guda ɗaya tilo, an yi nazarin rabin waƙa.

Kammalawa

Saboda haka akwai aiki a gaban kowane ɓangare na masu sauraron wannan lacca. Ɗalibin da zai rubuta waƙar kuntigi ya riƙa sa alama a duk inda murya ta tsaya tsirkiya ta karɓa, da inda makaɗin ya sauya murya. Ma'aikatan hukumomin al'adu da gidajen rediyo su lura cewa kwalin tsohon faifai, da lambarsa da shekararsa, takardar tarihi ce kamar kowane fayil na ofis. A gidajen Birnin Zazzau akwai dattawan da suka sayi waɗannan faya-fayai da kaset da kuɗinsu, suna kuma tuna lokacin da kowace waƙa ta fito. Ya kamata a je a tambaye su, a rubuta, a kai abin da aka samu Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru ko Gidan Arewa a Kaduna, tun masu bayanin suna raye.

Allah ya jiƙan Ɗan Maraya, ya sa a amfana da abin da aka ji.