Kafin Mu Buɗe Akwati: Yadda Ake Gwada Tsohon Batirin Kwamfuta

   

Yau maganar batir za mu yi. Na san wata za ta ce, mu da ko kwamfutar ba mu da ita, ina ruwanmu da batirinta? Da ruwanmu fa. Ƙungiyoyi da dama yanzu suna shawarar sa kuɗin akwati a sana'ar cajin waya, ko fitilun sola da za a riƙa ba da haya. Mai haɗa kayan kuma zai ce muku, "Ku bari in haɗa muku da tsohon batirin kwamfuta, ya fi araha." Gaskiya ya faɗa, ya fi araha. Amma kuɗin da ke akwatin nan zubin wata da watanni ne, kuɗin ƙuli-ƙuli da kiwon awaki. Ba za mu yi cinikin biri a sama da shi ba.

Ga abin a hannuna, ku miƙa wa juna kowa ta taɓa. Kun ga ya ɗan fi batirin agogon bango kauri da tsawo. Masu sana'ar suna kiran sa 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. In aka fasa baƙin batirin tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, irin waɗannan ake tararwa a jere, galibi guda shida. Mu ce musu 'ya'yan batir. Kwamfutocin nan na gwanjo ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a Legas, su biyo mota zuwa kasuwanninmu. Sau da yawa in batirin kwamfuta ya mutu, ba duka 'ya'yan ne suka mutu ba. Ɗaya ko biyu ne suka lalace suka ja wa sauran. Shi ya sa ake samun na kirki a ciki. Matsalar ita ce, da mai rai da matacce kamarsu ɗaya a ido.

To, ku ɗauki batir kamar randa. Abu uku muke tambaya game da randa: ta cika? Tana yoyo? Guga nawa take ci? Mai sayarwa zai ɗora mita ya nuna muku lamba 4.2, ya ce, "Ga shi a cike, Hajiya." E, a cike yake. Amma randar da laka ta cinye rabinta ma tana cika har baki, sai dai guga biyu ne a ciki maimakon biyar. Haka tsohon batir yake. Wannan lambar cika kawai take nunawa, ba ta faɗin yawan abin da ke ciki. Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran.

Gwajin hawa biyar ne. Fasa batirin aikin mai gyara ne, kada wata ta sa wuƙa. Amma sa ido da rubutu namu ne. Tun farko a sa wa kowane ɗan batir lamba da maka, sakatariya ta buɗe masa layi a littafi.

Na farko, ido da hanci. Wanda ya lotsa, ko ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko wani ruwa ya fito masa a kai, ko yana wani irin wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, a fitar da shi. Wanda ledar jikinsa ce kawai ta yage, sai an sake masa riga kafin a yi aiki da shi, domin duk jikin nan ƙarfe ne mai ɗaukar wuta.

Na biyu, mita. Lafiyayyen ɗan batir yana tsakanin bolt 3 zuwa 4.2. Wanda ya nuna ƙasa da 2.5 ya daɗe a yashe, kuma mai yiwuwa cikinsa ya taɓu. Wasu masu gyara sukan yi ƙoƙarin farfaɗo da irinsa. Mu dai ba ruwanmu, a ƙa'idar ƙungiya ba ma karɓa.

Na uku, caji. A sa shi a cajar da aka yi don irin wannan batir, wadda ke tsayawa da kanta in ya kai 4.2. A yi a inuwa, a kan ƙasa ko siminti, ba kan katifa ko tabarma ba, kuma da mutum a wurin. Lokaci lokaci a taɓa da bayan hannu. Ɗan ɗumi ba komai. Amma wanda ya yi zafin da hannu ba ya iya zama a kai, a cire shi nan take a kai shi waje. Wannan shi ne irin wanda ke tashin gobara.

Na huɗu, haƙuri. Bayan sun cika, a ajiye su mako biyu, wato zama biyu, ba a taɓa su. Sannan a sake ɗora mita. Wanda ya sauka kaɗan, zuwa 4.15 ko 4.1, lafiya lau. Wanda ya faɗo ƙasa da 4.0 alhali ba a yi aikin komai da shi ba, randa mai yoyo ke nan. In aka haɗa shi da masu kyau, shi zai riƙa tsotse su.

Na biyar, awon ciki, wato guga nawa. Akwai caja mai ɗan gilashi mai gurbi huɗu, misali LiitoKala Lii-500, wadda ke aiki da batirin sola mai bolt 12. Ita za ta cika batirin, ta juye shi a hankali tana ƙirgawa, sannan ta nuna lamba da haruffan mAh a gefe. Wannan lambar ce mudun batir. Juyewar kaɗai takan ci wajen awa huɗu ga batir mai 2,000, don haka guda huɗu kan cinye wuni. Irin na tsofaffin kwamfutoci, suna sababbi, yawanci 2,000 zuwa 2,600 ne. Wanda har yanzu ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na asalinsa, na aiki ne: mai 2,200 ke nan ya nuna 1,760 ko sama. Wanda ya yi ƙasa da haka kaɗan zai iya riƙe ƙaramar tocila a gida. Wanda bai kai rabi ba, a haƙura da shi.

Ga wata dabara ta kasuwa. In kuka ga ɗan batir mai wannan girman an rubuta masa 9,900 mAh, ƙarya ce tsagwaronta. Ko manyan kamfanoni irin su Samsung, LG da Panasonic, nasu mafi ƙarfi 3,500 ne da 'yan kai. Na gaske kuma yana da nauyi, wajen giram 45. In kika ɗaga kika ji shi sakayau kamar kara, mayar masa da kayansa.

Yanzu lissafi, domin nan ne kuɗinmu yake. A ce mun sayi batirin kwamfuta goma, 'ya'ya 60 ke nan. A ce bayan gwaji 35 suka tsallake. To kuɗin da muka biya da ladan mai gyara, da 35 za mu raba, ba da 60 ba. Sai mu kwatanta da farashin sabo, mu ga ko arahar ta gaskiya ce. Shi ya sa shawarata, a yi yarjejeniya tun farko a gaban shugaba da ma'aji: kafin alƙalami kaɗan za a bayar, cikon kuɗi sai bayan mako biyu, kuma wanda ya ci gwaji kaɗai za a biya. Mai kaya mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya ce sauri yake yi, Allah ya kiyaye hanya.

In an zo haɗawa, ku tabbatar abu biyu. A haɗa masu lamba kusa da juna, kada a ɗaure mai 2,100 da mai 1,500, kamar dai ba a haɗa babban sa da ɗan maraƙi a garma ɗaya. Sannan a sa ɗan allon kariya da ke yanke wuta in caji ya cika ko ya ƙare. Ku ce a nuna muku shi da ido kafin a rufe.

Saura waɗanda suka faɗi. Kada a jefa su a murhu ko bolar da ake ƙonawa, fashewa suke yi. Kada a bar wa yara su yi wasa ko su fasa da dutse. Kada a ƙulle su a gefen zane ko jaka tare da makulli ko tsabar kuɗi, ƙarfe na haɗa bakin biyu sai wuta. A liƙe kai da gindi da salatif, a binne su cikin yashi a gwangwani, a ajiye a inuwa nesa da rumbu da danni, har a mayar wa mai gyara. In wani ya fara hayaƙi, a janye yara, kada a shaƙa, a watsa masa yashi daga nesa in yana waje, a bar shi ya huce.

Iyayena, ba sai kin iya karatu za ki yi wannan aikin ba. Wadda ta san ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa ta ji ko ta tsage, ta riga ta san kan abin. Yau kafin mu tashi, mu zaɓi mata biyu da za su zauna da mai gyara ranar gwaji, ɗaya ta duba lamba, ɗaya ta taya sakatariya rubutu. Makullan akwati kuma su zauna a hannun masu su har sai littafi ya nuna mana guda nawa suka tsallake.

Allah ya sa wa dukiyarmu albarka, ya tsare mu daga asara da gobara. To, wa ke da tambaya? Inna, na ga tun ɗazu kina juya batirin nan a hannu, bismillah.