Kalmar "Kafara" da Rassanta a Harshen Larabci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, karatunmu na yau yana kan haruffa uku: kafun, fa'un da ra'un. Malamin lugga Ibnu Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Maƙayisul Lugga cewa asalin ma'anar wannan tushe ita ce rufewa da suturcewa.

Saboda haka ne Larabawa suke kiran dare "kafir", domin duhunsa yana lulluɓe komai. Haka kuma suke kiran manomi, domin yana binne iri cikin ƙasa, kuma da wannan ma'ana malaman tafsiri da dama suka fassara "kuffar" a Suratul Hadid, aya ta 20.

Daga wannan tushe "kaffara" ta fito, domin tana rufe zunubi. Kaffarar rantsuwa, kamar yadda ta zo a Suratul Ma'ida, aya ta 89, ita ce ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa; wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Butulci kuwa shi ne "kufranun ni'ima", wato ɓoye alherin da aka yi maka. Shi kuma kafiri an kira shi haka ne don ya rufe gaskiya bayan ta bayyana gare shi.

To, a nan ne ake zamewa. Ba duk inda kalmar "kufru" ta zo take nufin fita daga Musulunci ba. Imamul Bukhari ya ƙulla babi a Kitabul Iman kan butulce wa miji, inda ya nuna akwai kafircin da bai kai kafirci ba. Kalmar "takfir" kanta ma'ana biyu gare ta: kankare zunubi, da kuma kafirta mutum. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya jefi ɗan'uwansa da kafirci, maganar za ta koma kan ɗayansu.

Don haka, ɗalibin da ya tsinci wannan kalma a hadisi, ya tambayi malamai wace ma'ana ake nufi kafin ya ɗora ta a kan wani Musulmi. Hukuncin kafirta wani mutum ayyananne yana da sharuɗɗa da abubuwan da ke hana shi, kamar jahilci da tilasci da kuskure, kuma aikin malamai ne masu zurfin ilimi.

Allah Ya kankare mana zunubanmu, Ya tsare harsunanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.